Hanyar da ba ta da shinge a Faransa: abin da doka ta ce kan mai babur da kuɗin hanya

Tun da aka rushe rumfunan karɓar kuɗi a babbar hanyar da ta tashi daga Faris zuwa Normandi, magana biyu ke yawo tsakanin masu shirin doguwar tafiya a kan babur. Wasu na cewa hanyar ta zama kyauta, ko dai kyauta ce ga babur tunda ba shi da lamba a gaba. Wasu kuma tsoro ya kama su, suna cewa da zarar ka wuce ba ka da 'yar na'urar biyan kuɗi, tarar Yuro 375 ta hau kanka ke nan. Duka maganganun biyu kuskure ne, kuma kowacce tana da hasararta. Ta farko tana jefa mutum cikin bashin da bai san da shi ba, ta biyu tana sa shi ya miƙa wa 'yan damfara kuɗinsa cikin firgici.

Tsarin da ake magana a kansa shi ne wanda allunan hanya ke kira "péage en flux libre", wato biyan kuɗin hanya ba tare da tsayawa ba. Hanyar A79, mai tsawon kilomita 88 tsakanin Montmarault da Digoin, ta fara aiki da shi a watan Nuwamban 2022. A14 ta bi sahu a watan Yunin 2024, A13 kuma a Disambar wannan shekarar, su biyun ne hanyar Faris zuwa Normandi, sun kai kilomita 210. Inda a da ake samun rumfa da sandar da ke ɗagawa, yanzu wani dogon ƙarfe ne aka gitta sama da titi. A jikinsa akwai eriya mai karanta na'urar biyan kuɗi, da kyamarori masu ɗaukar lamba, da na'urorin da ke auna girman abin hawa don a san ajinsa. Kyamarorin suna ɗaukar lambar baya, saboda haka rashin lamba a gaba bai ɓoye kowa ba.

Dokar ta hau kan duk abin hawan da ya bi hanyar, na ɗan ƙasa da na baƙo, na kai da na haya. Babur yana aji na 5 tare da mai ƙafa uku da mai akwatin fasinja a gefe, kuma kuɗin wannan aji bai kai na ƙaramar mota ba.

Babu inda aka wajabta mallakar na'urar. Wanda ba shi da ita yana da awa 72 bayan ya wuce ya biya. A kan A13 da A14 ana biya ta shafin intanet na kamfanin Sanef, mutum ya rubuta lambar babur ɗinsa ya ga abin da ake bin sa, ko kuma a shagunan sayar da taba da ke cikin tsarin biyan kuɗi na Nirio. A79 a hannun wani kamfani take, Aliae, da nasa shafin daban da injinan biya a wuraren hutawa na gefen hanya. Wanda ya bi hanyoyin biyu a tafiya ɗaya, biya biyu ne a kansa a wurare biyu. Biyan Sanef ba ya goge bashin Aliae. Mutane da yawa a nan suke zamewa, suna ganin ai sun riga sun biya.

To idan awa 72 ta cika ba a biya ba fa? Nan ne maganar Yuro 375 ta samo asali, kuma nan ne aka fi karanta dokar a baibai. Matakai ne, ɗaya bayan ɗaya. Da farko kamfanin da ke kula da hanyar zai aika takardar neman biya zuwa adireshin da ke kan takardun babur ɗin. Idan aka biya cikin kwana 15 daga ranar da aka aika takardar, kuɗin hanyar ne da ƙarin Yuro 10. Idan kwana 15 suka wuce, ƙarin ya koma Yuro 90, kuma ana da har wata biyu a biya ko a rubuta ƙorafi. Sai wata biyu sun cika ba biya ba ƙorafi sannan maganar ke barin hannun kamfani ta koma hannun hukuma, ta zama tarar Yuro 375. Wannan tsari yana cikin sashe na 529-6 na kundin shari'ar manyan laifuka na Faransa, kuma dokar sufuri ta Disambar 2019 ce ta share masa hanya. Wato kafin a kai ga adadin da ake tsorata mutane da shi, sai an tsallake ƙofofi uku.

Akwai mataki na sama da wannan, amma na wanda ya mai da ƙin biya ɗabi'a ne. Wanda aka ci tara fiye da sau biyar cikin wata goma sha biyu, laifinsa ya tashi daga ƙaramin saɓa doka, tararsa na iya kaiwa Yuro 7,500. Matafiyin da ya manta sau ɗaya ba shi ake nufi ba.

A takarda rangwamen Yuro 10 ɗin adalci ne, domin an yi shi ne saboda mai mantuwa. Matsalar tana wajen lissafin kwanakin. Daga ranar aikawa ake ƙirga kwana 15, kuma gida ake aika takardar. Mai babur da ya fita tafiyar mako uku, ya bi A13 a rana ta biyu, takardar za ta iso gidansa yana can wata ƙasa, wa'adin rangwamen ya ƙare kafin ya dawo ya buɗe akwatin wasiƙa. Ya tarar da Yuro 90 a kan kuɗin hanyar da sau da yawa 'yan Yuro kaɗan ne. Wanda ke bin hanyar kullum zuwa aiki ya san tsarin, shi ne kuma yake gida lokacin da takardar ta zo. Baƙon da ya fi kowa yiwuwar yin kuskure shi ne rangwamen ya fi wuyar riska. Haka ma awa 72: ga mutumin da ke wuni a kan babur, allon sanarwar da Faransanci, yana tafe da gudun babbar hanya, kwana uku ba su da yawa. Dokar dai ita ce doka, amma wanda ya ce ta yi wa matafiyi tsauri bai yi ƙarya ba.

Maganin wannan gaba ɗaya shi ne a shirya kafin a tashi. Ko ba na'ura, ana iya buɗe asusu a shafin Sanef a haɗa lambar babur da katin banki, duk lokacin da aka wuce a cire kuɗin kai tsaye. Wanda bai so haka ba ya sa wa wayarsa ƙararrawa a daren ranar da ya bi hanyar. Idan ya duba bai ga bashin ya fito ba, ya sake dubawa washegari, don wani lokaci bayanan sukan ɗan jinkirta. Rashin ganinsa a duban farko ba shaida ba ce cewa kyamara ba ta gan shi ba.

Ga masu na'ura kuma, irin ta Ulys ko Bip&Go ko Fulli, akwai wata fahimtar da ke cutarwa: wai tunda tana tare da kai, ka fita daga zargi. Sai ta yi magana da eriyar sannan ta biya. Da gajeren zangon rediyo take aiki, kuma ƙarfe yana tare shi. An ƙera ta ne don a manna a gilashin mota ta fuskanci sama da gaba. A kan babur, wanda ya jefa ta ƙarƙashin kujera, ko cikin akwatin baya na alminiyam, ko aljihun wando inda jikinsa ya rufe ta, bai ba ta damar aiki ba. Wuraren da ta fi karantuwa su ne aljihun sama na jakar tanki mai leda garai-garai, ko maɗaurin da ake ɗaurawa a dantse, ko mariƙi a kan babur kusa da madubi, ko aljihun ƙirji na waje idan rigar ba mai kauri sosai ba ce. Kada a haɗa ta wuri ɗaya da waya ko makullai. Ruwa ma abokin gabarta ne, domin ba a yi ta don dukan ruwan sama ba, batirinta kuma a rufe yake ciki, ba a canza shi, idan ya mutu sai dai kamfani ya ba da sabuwa.

A mota, ƙarar da na'urar ke yi ita ce ke shaida wa direba an karanta. Mai babur da hular kwano a kansa, ga iska ga ƙugin inji, ba zai ji ta ba. A hanyar da ke da shinge wannan ba damuwa ba ce, sanda ta ƙi ɗagawa ka san akwai matsala. A hanyar da ba shinge kuwa babu abin da zai sanar da kai. Shi ya sa rubuta lambar babur a asusun na'urar yake da muhimmanci fiye da inda aka ɗaura ta: idan eriya ta kasa karantawa, kyamara ta ɗauki lambar, akwai abin da za a haɗa ta da shi. Na'ura ɗaya tana aiki a mota da babur a Faransa, don haka wanda ya ciro ta daga motarsa ya tabbata ya ƙara lambar babur ɗin kafin tafiya. Lambar ma ta kasance a bayyane. Jakar kaya da ta zazzago ta rufe rabinta, ko taɓon da ya bushe a kanta, laifi ne mai zaman kansa, ko da an biya kuɗin hanya.

Yawancin manyan hanyoyin Faransa har yanzu da shingensu, kuma a can ka'idar ta ɗan bambanta. Rangwamen Yuro 10 na hanyoyin da ba shinge ne kaɗai. Wanda ya bi bayan abokin tafiyarsa ya kutsa kafin sanda ta sauka, Yuro 90 ne kai tsaye. Hakan na faruwa ko ba da niyya ba idan ana tafiya cikin ayari: babura biyu suka shiga layi a manne, eriya ta karanta na'ura ɗaya, sanda ta ɗaga, duka biyun suka wuce, kowa na zaton tasa ce ta biya. Wani lokaci ma na'urar na baya ce ke biya wa na gaba, shi kuma sanda ta sauko a gabansa. A bar tazarar mita huɗu zuwa biyar, kowa ya jira sanda ta sauka ta sake ɗagawa dominsa. A nemi layi mai alamar harafin "t" ruwan lemo, a guji wanda aka gitta wa ƙarfen tsayin mita 2, don na ƙananan motoci ne kuma kuɗin aji na 1 za a caje ka. Idan allon ya nuna ajin da ba 5 ba, a danna maɓallin kira kafin a wuce, gyara a nan ya fi sauƙi a kan neman a mayar da kuɗi daga baya. Tsakiyar layin tolget kuma nan ne mai da baƙin mai ke ɗiga daga motoci, a bi ta gefen sawun taya, a lura da inda za a sa ƙafa.

Masu lambar wata ƙasa su ma akwai mai raɗa musu cewa ba wanda zai bi su. A cikin Tarayyar Turai wannan ya wuce: ƙa'ida mai lamba 2019/520 ta ba ƙasashen damar musayar bayanan masu abin hawa idan an ƙi biyan kuɗin hanya. Babur ɗin haya kuwa takardar kamfanin haya take zuwa, shi kuma ya cire daga katin wanda ya karɓa, yawanci har da nasa ladan ɗawainiyar a kai.

Tsoron tarar ne 'yan damfara ke ci da shi. Saƙon tes ko imel ya shigo da sunan kamfanin hanya, wai ana bin ka 'yan Yuro, ka danna nan ka biya kafin tara ta ninka. Kuɗin da suke ambata kaɗan ne da gangan, bayanan katin banki suke nema. Wanda bai taɓa ba kamfanin hanya lambar wayarsa ba, ta ina kamfanin ya same ta? Lambar babur suke da ita, ita kuma adireshin gida take kai su. Duk saƙon da ya zo, kada a danna abin da ke cikinsa. A buɗe shafin kamfanin da hannu, a rubuta lambar babur, idan akwai bashi zai bayyana.

Da an tsallaka iyaka kuma lissafi ya canza, na'urar Faransa ba ta zama takardar izinin Turai duka ba. Tana iya aiki a Italiya da Sifaniya da Fotugal idan an zaɓi tsarin da ya haɗa da su tun wajen yin rajista. A Jamus babur ba ya biyan kuɗin babbar hanya. Siwizalan ba ta san na'urar ba, izinin shekara take sayarwa a kan faran 40, daidai da na mota, ko da kwana ɗaya za ka yi, kuma tun Agustan 2023 ana iya sayensa ta intanet a haɗa da lamba. Rashinsa tarar faran 200 ce, sannan a sayi izinin. Ostiriya tana da na kwana 1, da kwana 10, da wata 2, da shekara, amma akwai tarko ga mai saye ta intanet: na wata 2 da na shekara ba sa fara aiki sai rana ta 18 bayan saye, saboda haƙƙin da doka ta ba mai saye na fasa ciniki. Wanda zai shiga ƙasar gobe, na kwana 1 ko na kwana 10 ne zai yi masa aiki nan take.