Balaguron Yini Guda a Motar Shata zuwa Tsofaffin Garuruwa da Karkara: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya sauka a babban birni yana da kwanaki kaɗan a hannu yakan so ya ware yini guda ya fita ya ga wani tsohon gari ko ya ratsa karkara, ya dawo masaukinsa kafin dare ya yi nisa. Ɗaya daga cikin hanyoyin yin hakan ita ce ɗaukar shatar mota da direbanta, a tsara tafiyar yadda matafiyin yake so. Ga tambayoyin da suka fi zuwa a zuciyar mai niyyar yin haka.

Mene ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi a irin wannan tafiya?

A zahiri ana biyan kuɗin mota, mai da direba na wasu sa'o'i da aka amince a kansu, galibi daga safiya zuwa yamma. Direba yakan zo ƙofar masauki ya ɗauki mutum da iyalinsa ko abokan tafiyarsa, babu baƙo ko ɗaya a cikin motar, ya kuma dawo da su inda ya ɗauko su. Amma abin da ya fi daraja a cinikin shi ne iko a kan lokaci. Matafiyi ne yake yanke lokacin tashi, shi ne yake cewa a tsaya nan ko a wuce can, kuma idan wani wuri ya kwanta masa a rai yana iya ƙara sa'a guda a cikinsa ya rage daga wani. A bas ɗin 'yan yawon buɗe ido kuwa, inda mutum arba'in ko hamsin suke tafiya tare, an riga an ƙayyade mintunan kowane zango, kuma wanda ya makara shi ne zai tsayar da kowa.

Wurare nawa ya kamata a sa a cikin yini guda?

A nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure, kuma kuskuren yana fitowa ne daga 'yancin da suka saya. Da zarar an ce wa mutum tsarin yana hannunsa, sai ya buɗe taswira ya jero garuruwa huɗu ko biyar, yana ganin tunda ya biya kuɗi gara ya kwashi rabonsa. Sakamakon shi ne ya wuni a kujerar mota, yana sauka ya ɗauki hoto ya koma, ya dawo da gajiya ba tare da ya san ko gari ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Lissafin ba shi da wuya. A ce an yi shatar sa'o'i tara. Idan zuwa da dawowa suka cinye uku, saura shida. A cire sa'a guda ta cin abinci da hutawa, a cire kamar rabin sa'a na neman wurin ajiye mota da takawa zuwa tsakiyar gari a kowane zango, sai a ga abin da ya rage bai wuce na gari ɗaya babba da wani ƙarami ba. A ganina wannan shi ne ma'auni mafi dacewa: gari guda da za a ba shi sa'o'i uku ko fiye, sannan wani ƙauye ko wurin hangen nesa a kan hanyar dawowa.

A ɗauki misalin wanda ya tashi daga Florence a Italiya. Siena tana da nisan kilomita kusan 70, kuma dandalinta mai siffar ƙoƙo da babban cocinta kaɗai sun isa su cika rabin yini. San Gimignano, ƙaramin gari ne a kan tudu wanda hasumiyoyi 14 suka rage masa daga cikin masu yawa da attajiransa suka gina a zamanin da, yana kusa da hanyar dawowa, kuma sa'a ɗaya da rabi ta wadatar. Wanda ya ƙara Pisa a kan waɗannan biyu, kamar yadda ake yawan tallatawa, zai ga hasumiyar nan mai karkata, amma zai biya da lokacin da ya kamata ya zauna a Siena.

Wane nisa ne ya yi yawa ga tafiyar yini guda?

Idan zuwa kaɗai ya haura sa'o'i biyu da rabi, ya kamata a sake tunani. Daga Faris zuwa fadar Versailles kilomita kusan 20 ne, daga Lisbon zuwa garin Sintra a Portugal kusan 30, daga Madrid zuwa garin Toledo a Spain kusan 70, kuma duk waɗannan suna barin yini kusan cikakke a hannun matafiyi. Daga Prague zuwa garin Český Krumlov a ƙasar Czech kuwa tafiyar kusan sa'o'i biyu da rabi ce, wato bakin iyaka ke nan. Daga Faris zuwa Mont-Saint-Michel, wani ƙaramin tsibiri mai tsohon gidan ibada a gaɓar tekun Faransa, ya kai kilomita 360, kusan sa'o'i huɗu zuwa, huɗu dawowa, kuma ko da yake ana yin ta a yini guda, wuri ne da ya fi cancanta a kwana kusa da shi.

Akwai kuma batun gajiyar direba, wanda fasinja ba ya cika tunawa da shi. Dokar Tarayyar Turai ga direbobin bas da manyan motoci ta ƙayyade tuƙin yini a sa'o'i 9 a bisa ƙa'ida, da hutun minti 45 bayan kowace sa'a huɗu da rabi. Dokar ba ta hau kan ƙaramar mota ba, amma jikin direban ƙaramar mota ba ƙarfe ba ne, kuma ran fasinja yana hannunsa a hanyar dawowa da dare.

Motar za ta kai mutum har ƙofar wuraren da yake son gani?

Sau da yawa a'a, kuma wannan yana ba mutane mamaki. An gina waɗannan garuruwa ne ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera mota, lungunansu na masu tafiya a ƙasa ne da dabbobi. A garuruwan Italiya da dama akwai yankunan da aka taƙaita shigar motoci, an kafa kyamarori a mashigarsu, kuma motar da ta shiga ba da izini ba tara ce take biyo ta. A Mont-Saint-Michel ana ajiye motoci ne a nesa, fiye da kilomita biyu daga tsibirin, a ƙarasa a bas na musamman ko a ƙafa. A Sintra fadar Pena tana can ƙololuwar dutse, hanyarta ƙunci gare ta, kuma ko bayan an shiga ƙofar lambun akwai sauran hawa.

Saboda haka wanda yake tafe da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa, ko da jariri a keken turawa, ya faɗa tun wurin tsara tafiya. Titin da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu yana da kyau a hoto, amma dattijuwa tana jin kowane dutse a ƙafarta, kuma bayan mita ɗari biyu na hawa za ta fara neman inda za ta zauna. Direban da ya san gari ya san ƙofar da ta fi kusa da sama, inda zai sauke su su gangara maimakon su hau, sannan ya zagaya ya jira su a ƙasa. Irin wannan sani shi ne abin da ya bambanta gogaggen direba da wanda yake bin taswirar waya kawai.

Direban shi ne kuma mai yi wa mutum bayanin tarihi?

Ba lallai ba ne. Aiki biyu ne daban, kuma a ƙasashe irin su Italiya jagorancin masu yawon buɗe ido a wuraren tarihi sana'a ce mai lasisi. Direba yana iya hira a hanya, ya nuna gonaki da tsaunuka, amma yakan tsaya wurin mota idan an iso. Wanda yake son bayani mai zurfi sai ya nemi a haɗa shi da jagora na garin na sa'a ɗaya ko biyu, kuma a wasu wurare kuɗin ba ya faɗuwa a banza. Mutum yana iya wuce ƙaramin ginin nan na bulo a Toledo bai ko waiwaya ba, alhali masallacin Bab al-Mardum ne, wanda aka gina a shekarar 999, kafin wani sarki Kirista, Alfonso na shida, ya karɓi birnin daga hannun Musulmi a 1085, daga baya aka mai da shi coci. Tarihin zaman Musulmi, Kirista da Yahudawa a gari ɗaya yana rubuce a bangayen Toledo, kuma yana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1986.

Me ya kamata a daidaita kafin ranar tafiya?

Duk abin da zai iya kawo gardama a bakin hanya a rubuta shi tun da wuri: yawan sa'o'i, abin da za a biya idan an zarce, ko kuɗin ya haɗa da na ƙofofin karɓar haraji a manyan hanyoyi da na ajiye mota, da kuma sharaɗin fasa tafiya. A tambayi ko motar tana da lasisin ɗaukar fasinja da inshorar da ta shafi fasinjan, a kuma nemi kujerar yara idan da yara. Tikitin shiga wurare yawanci ba ya cikin kuɗin shata, kuma wasu fadoji suna sayar da shi ne da ƙayyadadden lokaci, don haka sauran tsarin yinin sai ya bi wannan lokacin. A duba ranakun hutu ma, domin fadar Versailles, alal misali, ba ta buɗewa ranar Litinin.

Yaya ake samun moriyar karkarar kanta?

Sai an roƙa a fili, domin direba idan aka bar shi zai bi babbar hanya mafi sauri, wadda ba a ganin komai a kanta sai shinge da allunan nuna hanya. A ce masa a bi babbar hanya wajen zuwa, a dawo ta ƙananan hanyoyi. A nan ne motar shata ta fi kowace hanyar tafiya. A kwarin Val d'Orcia da ke kudu da Siena, inda tuddai suke bin juna da layukan dogayen bishiyoyi a kansu, ko a gaɓar kogin Tagus inda ake hango Toledo gaba ɗayanta a kan dutsenta, tsayuwar minti goma a gefen hanya, an kashe inji, tana iya zama abin da mutum zai fi tunawa a duk yinin. Lokacin shekara yana da tasiri: a Landan rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ta wuce ƙarfe tara a watan Yuni, saboda haka a lokacin sanyi gara a fara da karkara da safe a bar gari zuwa yamma.

Akwai lokacin da wannan tsari bai dace ba?

Akwai. Ana biyan kuɗin ne a kan mota, don haka mutum huɗu ko shida suna raba nauyin a tsakaninsu, mutum ɗaya kuwa shi kaɗai zai ɗauka. Idan matafiyi shi kaɗai ne, yana da ƙarfin ƙafa, kuma gari ɗaya kawai yake nufi wanda jirgin ƙasa yake zuwa kai tsaye, to jirgin ya fi masa. Daga Madrid zuwa Toledo jirgi mai sauri yana ɗaukar kamar rabin sa'a, mota kuwa kusan sa'a guda. Shata tana nuna amfaninta ne idan akwai tsofaffi ko ƙananan yara, ko ana son haɗa wurare biyu da babu jirgi ko bas a tsakaninsu, ko kuma inda ake nufi ƙauye ne da bas yake shiga sau ɗaya ko biyu a yini.