Shinkafar waje da manomin Kebbi: mai sayen da ya ɓace tun 1986

Tun watan Yulin 2024 da aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, gardama ba ta lafa ba a Argungu da Suru da Bunza. Magidanci a birni ya ce ya samu sauƙin kwano. Manomin fadama ya ce kuɗin da ya zuba a taki da fetur bai dawo ba. Kowa na da gaskiyarsa. Sai dai ana yin maganar kamar lamarin jiya ya faro, alhali ya haura shekara 40.

Jerin abubuwan da suka faru sananne ne. An hana shigo da shinkafa a 1985, aka ɗage hanin a 1995 da haraji mai nauyi. A 2008, da abinci ya yi tsada a duniya, an dakatar da harajin na wata shida. A 2015 aka cire shinkafa daga kayan da ake bai wa dala a farashin gwamnati, kuma a Nuwamban wannan shekara aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. An rufe iyakoki a Agustan 2019, har da ta Kamba, sannan a Oktoban 2023 aka janye takunkumin dalar. A buɗe, a rufe, a sake buɗewa.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1986. A 1977 an kafa hukumomin kayan gona na ƙasa, ɗaya daga cikinsu Hukumar Hatsi. Aikinta shi ne ta sanar da mafi ƙarancin farashi, ta saya idan kasuwa ta faɗi ƙasa da shi, ta adana, ta fitar lokacin tsada. A 1986, cikin gyaran tattalin arziki na SAP, aka rushe hukumomin gaba ɗaya. Hujjar da aka yi ta kawowa game da ta hatsi ita ce ba ta sayen abin kirki, domin farashinta yakan zauna ƙasa da na kasuwa. Amma ai haka irin wannan farashi yake aiki. Kamar shingen rijiya ne, ba a ganin amfaninsa sai ranar da ƙafa ta zame. A shekarar da kasuwa ta yi kyau manomi ba ya buƙatarsa. Shekarar da kaya suka yi yawa ko aka buɗe tashar ruwa ita ce ranarsa.

Abin da ya ɓoye giɓin shi ne hanin 1985. Shekara goma ƙofa na rufe, shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba, na da daraja, ba wanda ya ji rashin mai saye na ƙarshe. Da aka buɗe a 1995 sai aka tarar garkuwar manomi ɗaya ce tak, wato haraji a bakin iyaka. Shi kuwa haraji ba ya bambance kaka da bazara, bai san noman rani da na damina ba. Idan an ɗaga shi mai ci ya koka, idan an sauke manomi ya koka. An kafa rumbun tsimi na ƙasa daga baya, an gina manyan rumbunan ƙarfe, har da na Bulasa a Birnin Kebbi, amma aikin rumbun tsimi ajiya ne don ranar yunwa ko ambaliya. Riƙe farashin kaka wani aiki ne daban, kuma shi ne ya zama marar uba.

A duba yadda abin yake a gona. Mai noman rani a fadamar Rima yana dashe wajen Janairu, ya yi ta ban ruwa da injin fetur, wanda kuɗinsa ya ninka tun 2023, ya girbe a Afrilu ko Mayu. Ranar yanka, shanshera na ɗauke da danshi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Ba ta ajiyuwa sai ta sauka zuwa 14. Idan aka ɗura ta a buhu da danshi, cikin 'yan kwanaki za ta yi zafi, ta yi fumfuna, ƙwayar ta koma rawaya. Idan aka shanya ta a kan kwalta da tsakar rana ta bushe da gaggawa, ƙwayar ta tsage, a wurin casa ta zama kariya, ga tsakuwa da yashi. Kilo ɗari na shanshera mai kyau yana ba da kwatankwacin kilo 60 zuwa 65 na tsabar shinkafa. Wadda ta lalace a shanya ba ta kai haka, kuma ɗan sari ya san wannan, shi ya sa yake taya ta a wulaƙance. Manomi kuma ga mai taki na jiran kuɗinsa, ga 'yan ƙwadago, ga damina ta ƙarato. Dole ya sayar a makon da kowa ke sayarwa.

A nan ne aikin hukuma irin Hukumar Hatsi yake, in za a gyara shi a zamanin da shinkafar waje ke shigowa. Ba sai ta koma mai saye ita kaɗai ba, kamfanonin casa da mata masu yin gumi suna nan, kuma su ne kasuwar. Abin da ake buƙata daga gare ta shi ne ta faɗi farashin ƙasa kafin a zuba iri, a Disamba don rani, a Mayu don damina, bisa lissafin abin da hekta ke ci. Farashin da aka sanar bayan girbi ɗan sari ne zai ci moriyarsa, domin kayan sun riga sun bar hannun mai su. Wurin saye ya zama kusa, a kasuwanni irin su Jega da Yauri, da sikeli da na'urar auna danshi a gaban mai kaya, a biya cikin kwanaki kaɗan. Biyan da ya ɗauki wata biyu daidai yake da babu, ga mutumin da bashi ke wuyansa.

Ajiya ma ba zuba-ka-manta ba ce. Rumbun ƙarfe na buƙatar injin busarwa, da fanka mai hura iska daga ƙasa, da lantarki, da feshin ƙwari, da juya kaya, a fitar da tsoho kafin sabo ya shigo. Lokacin fitarwa kuwa shi ne Yuli zuwa Satumba, sa'ad da rumbun gida ya yi ƙasa. Fitar da hatsi ko barin jirgin shinkafa ya sauke a Oktoba da Nuwamba, ko a Afrilu da Mayu, yana faɗawa daidai kan girbi. Don haka duk wata taga ta shigo da kaya, ya kamata a sanar da ranar buɗe ta da yawan tan ɗin da za a bari tun kafin manomi ya yanke shawarar hekta nawa zai dasa.