Neman Sabon Maganin Korar Sauro: Ina Aka Kwana?

Ba ga magunguna nan cike da kasuwa ba, me ake nema kuma?

Suna nan, amma yawancin man shafawar da ake sayarwa da sinadari ɗaya suka dogara, wato DEET. Masanan ma'aikatar noma ta Amurka ne suka samar da shi a shekarun 1940 saboda sojoji, aka fara sayar wa jama'a a 1957. Yana aiki, babu musu. Sai dai yana da maiƙo, yana cinye roba, kuma bayan 'yan sa'o'i sai an sake shafawa. Kamfanin Bayer na Jamus ya fito da picaridin a shekarun 1980, wanda aka kwaikwayo daga sinadarin da ke sa masoro yaji. Shi ba ya ɓata roba, amma shi ma ba ya wuce yini a fata.

Yaya sauro ke gano mutum a cikin duhu?

Macen ce ke cizo, don tana buƙatar jini ta yi ƙwai. Iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi take fara bi daga nesa, sai warin fata, sai ɗumin jiki in ta matso. Mai cewa sauro ya fi damunsa a gida ba sharri yake yi ba. A 2022 masu bincike a Jami'ar Rockefeller da ke New York sun sa mutane ɗaura safar nailan a hannu, suka kai wa sauro safar. Waɗanda fatarsu ta fi fitar da wasu sinadarai masu tsami su sauro ya fi yi wa rubdugu, kuma haka abin ya zauna ko bayan watanni.

To ta ina ake samo sabon sinadari?

A da gwaji ne kawai: a shafa abu a hannu, a zura cikin kejin sauro masu yunwa, a jira a ga yaushe za su fara sauka. Har yau ana yin haka, amma yanzu kwamfuta ke fara tantance dubban sinadarai kafin a kai ga kejin. Sannan an fahimci yadda sauro ke jin wari. A 2011 Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta sanar da wani sinadari mai suna VUAA1, wanda ke kunna kusan duk kafofin jin warin sauro lokaci guda, ya rikice ya kasa bambance mutum da bango. A 2019 kuma masanan Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa ga sauron maleriya, DEET ɓoye warin mutum yake yi. Wasu masanan kuma ga tsirrai suka koma: a 2020 Amurka ta yi rajistar sinadarin nootkatone, da ake samu a ɓawon wani nau'in babban lemo.

Me ya hana su cika shaguna?

Duk abin da za a shafa wa jariri ko mai juna biyu sai an yi shekaru ana gwada lafiyarsa. Ga tsada. Sinadarai da yawa a nan suke maƙalewa.

Mu fa, me zai amfane mu?

A ganina nan ne batun yake. Najeriya kaɗai na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Gidan sauro yana kare mai barci, amma ba ya kare uwa da ke girki bayan magariba, ko yaran da ke hira a tsakar gida saboda zafi. Wane magidanci ne zai iya sayen man shafawa na mutum goma kullum? Shi ya sa na fi sa rai ga wata 'yar takardar roba da ake maƙalawa a bango, tana sakin sinadarin transfluthrin a hankali, babu wuta babu hayaƙi. An gwada ta a Busia ta Kenya, kamuwa da cutar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irinta tare da gidan sauro. Damuwar ita ce transfluthrin ɗan dangin maganin da ke jikin gidan sauro ne, wanda sauron yankinmu ya riga ya fara jurewa, don haka ana buƙatar sinadari na wani dangi da za a zuba a irin wannan takarda.