Mutum-mutumin tiyata a ɗakin bincike: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Duk sabon ɗalibin da ya shigo, tambayoyin nan dai su ne a bakinsa. Ga su a rubuce, a karanta kafin a sake tambaya.

Wace na'ura ake nufi?

Ita ce dVRK, wato da Vinci Research Kit, na'urar bincike. Hannuwan tsohon samfurin mutum-mutumin tiyata mai suna da Vinci ne na kamfanin Intuitive, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2000. Jami'ar Johns Hopkins da kwalejin kimiyya ta Worcester suka ƙera masa sababbin akwatunan sarrafawa da manhajar da kowa ke iya dubawa.

Ana yi wa mutum tiyata da ita?

A'a, ko kusa. Roba, siliko, ko naman dabba daga mahauta. Shi ke nan.

Mai kula da ita likita ne?

Ba likita ba ne. Aikinsa wayoyi, saiti, manhaja, da rubuta duk abin da aka taɓa.

Me ya sa hannu ke ɗauke wuta ana tsaka da gwaji?

A nan sai an yi haƙuri, domin alamar ɗaya ce amma musabbabin yana da yawa. Fara da karanta saƙon da manhaja ta rubuta kafin ka kashe komai. Yawancin ɗalibai sake kunnawa suke yi nan take, su goge shaidar da za ta taimake su.

Galibi layin tsayawar gaggawa ne. A jere aka haɗa makullan tsaro na dukkan akwatunan, don haka waya ɗaya ta saki, kowa ya rasa wuta. Duba jan maɓallin da mahaɗarsa.

Idan nan lafiya lau, koma kan kebul ɗin FireWire, mai haɗa kwamfuta da akwatunan. Kwamfuta tana magana da allunan lantarki na cikin akwatunan kusan sau 1,000 a daƙiƙa, kuma kowane allo yana da mai gadi: saƙo ya yi jinkiri, ya yanke wutar injina. Kebul mai araha, ko dogo fiye da kima, ko kwamfutar da aka ɗora wa sarrafa bidiyo a lokaci guda, kowanne na iya jawo haka. Sauya kebul ɗaya, ka gwada, sannan na gaba. In ka sauya uku a tare, ba za ka san mai laifin ba. Ka kuma tabbata babu alluna biyu masu lamba ɗaya.

Mai wuyar ita ce saɓanin ma'auni. Kowace gaɓar hannu tana da ma'auni biyu masu auna matsayinta, enkoda da fotenshiyomita, manhaja tana kwatanta su, idan suka yi nisa da juna ta tsayar da hannun. Wataƙila saitin ne ya zame, sai a sake shi. Amma yana yiwuwa fotenshiyomitar ce ta tsufa, tunda waɗannan hannuwa sun haura shekara 15. Motsa gaɓar da hannunka a hankali kana kallon lambobin biyu. Tazarar da ba ta canzawa ta fi kama da saiti. Lamba mai tsalle a wuri guda ta fi kama da lalacewa. Na ce ta fi kama, domin mahaɗa mai datti ma tana yin hakan.

To in faɗaɗa iyakar kuskuren mana, in huta?

Kul! Wannan binciken ne ke hana hannu gudu ya tsinka wayoyin cikin almakashi, ko ya bugi wanda ke tsaye kusa. Gyara musabbabin.

Kayan aiki, kamar almakashi, ya ƙi kamawa a jikin hannu, na lalata shi ne?

Kwantar da hankalinka, da wuya. Faifai 4 ne ke juya shi ta cikin farantin roba da ke tsakaninsa da hannun. Cire kayan aikin da farantin, mayar da farantin, bari faifan su gama juyawa, sannan ka sa kayan aikin bakinsa a miƙe yana cikin bututun da yake ratsawa. Kada ka danna da ƙarfi.

Zan iya zare kebul akwatuna suna kunne?

A'a. Kashe wuta tukuna.