Mene ne OCT, kuma me ya sa ake ta neman ƙara masa sauri da rage masa girma?

Duk wanda ya taɓa raka mai ciwon suga ko mai hawan jinin ido wurin likitan ido a babban asibiti, mai yiwuwa ya ji an ce "sai an yi masa OCT". Haruffan nan uku taƙaitawa ce ta sunan Turanci, optical coherence tomography, wato hanyar ɗaukar hoton cikin naman jiki da haske. Hoton ido na yau da kullum fuskar tantanin bayan ido kaɗai yake nunawa. OCT kuwa kaurinsa yake nunawa, kamar a yanka burodi a dubi cikinsa, alhali ko taɓa idon ba a yi ba. Tantanin nan da likitoci ke kira ratina kaurinsa kusan rubu'in milimita ne, amma na'urar tana rarrabe shimfiɗunsa ɗaya bayan ɗaya, domin tana iya ganin abin da bai wuce maikuron 5 ba (maikuron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Silin gashin kai yakan kai maikuron 70.

Aikinta ya yi kama da na sikanin da ake yi wa masu juna biyu: a aika sauti cikin jiki, a auna lokacin da amonsa ya ɗauka kafin ya dawo. Sai dai sauti a cikin tsoka yana tafiyar mita 1,540 ne a daƙiƙa, wannan kuwa na'ura na iya bin sawunsa. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, babu agogon da zai auna dawowarsa daga tsakanin shimfiɗu biyu na ratina. Dabarar da aka yi ita ce raba hasken gida biyu. Rabi ya shiga ido, rabi ya tafi wurin wani madubi da aka san nisansa, sannan a sake haɗa su. Irin hasken da ake amfani da shi yana da wata ɗabi'a: igiyoyinsa ba sa yi wa juna tasiri sai in tafiyar da ɓangarorin biyu suka yi ta zo kusan daidai. Saboda haka inda aka ga tasirin, an san zurfin da amon ya fito. Awo ɗaya yana ba da layi guda daga sama zuwa ƙasa. A jera ɗaruruwan layuka gefe da gefe, an sami yanka guda. Shi ya sa idan ana maganar saurin OCT, yawan layukan da take aunawa a daƙiƙa ake nufi.

A 1991 ne David Huang, lokacin yana ɗalibi a ɗakin binciken James Fujimoto a jami'ar MIT ta Amurka, tare da Eric Swanson da abokan aikinsu, suka wallafa hotunan farko a mujallar Science. Na'urar kasuwa ta farko ta fito a 1996, sannan a 2002 kamfanin Zeiss ya fitar da Stratus, wadda ta shiga asibitoci sosai. Tana auna layi 400 a daƙiƙa. Abin da ya ɗaure ta shi ne madubin nan, domin dole ya yi gaba ya dawo a kan kowane layi, kuma ƙarfe komai santsinsa yana da iyakar gudu.

Layi 400 kamar da yawa, amma ido ba ya tsayawa cak. Mai ɗaukar hoton zai ce, "Baba, ɗora haɓarka a nan, manna goshinka, kalli hasken can, kada ka kifta." Dattijon zai yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙwayar idon tana ɗan zillewa ba da saninsa ba, bugun zuciyarsa yana motsa kansa, hawaye kuma ya fara taruwa. Hoton sai ya fito da karkata ko tsalle. Shi ya sa Stratus take ɗaukar yanka shida kawai masu gittawa ta tsakiyar gani, kwamfuta ta yi kirdadon abin da ke tsakaninsu. Ƙaramar cuta da ta faɗo tsakanin yanka biyu tana iya tsallakewa ba a gan ta ba.

Babban sauyi ya zo a 2003, lokacin da rukunonin masu bincike uku suka nuna cewa barin madubin a tsaye ya fi. Maimakon a bi zurfi mataki-mataki, sai a warware hasken da ya dawo zuwa launukansa, a karanta su gaba ɗaya da kyamara, kwamfuta ta yi amfani da wani lissafi mai rarrabe igiyoyi da ake kira Fourier ta fitar da dukkan zurfin a bugu guda. Abin da ya ja hankali ma shi ne wannan hanya ta fi tsohuwar kama rarraunan amo nesa ba kusa ba. Na'urorin da suka fara shiga kasuwa daga 2006 suna auna layi 26,000 zuwa 40,000 a daƙiƙa. Yi lissafi da kanka: taswirar da ke da layi 200 a tsaye da 200 a kwance, layi 40,000 ke nan. Sabuwar na'ura tana gamawa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, Stratus kuwa da sai ta ci daƙiƙa 100. Wa zai iya buɗe ido haka?

Bayan nan aka koma kan fitilar kanta. An ƙera leza mai sauya launi da sauri, tana bi daga wannan tsawon igiya zuwa wancan, ana karanta sakamakon da na'urar gano haske guda. Masu irin wannan leza a asibiti suna kai layi 100,000 ko fiye, kuma da yawansu suna aiki da haske mai tsawon igiya nanomita 1,050, wato maikuron ɗaya da 'yan kai, wanda ya fi ratsawa ciki. Wata leza da Robert Huber da abokansa suka fito da ita a 2006 ta buɗe hanyar wuce layi miliyan a daƙiƙa a ɗakunan bincike.

Saurin ya haifar da ayyukan da a da ba su yiwuwa. Idan aka ɗauki wuri guda sau da yawa a jere, duk abin da ya canza tsakanin hotunan jini ne mai gudu, don haka ana iya zana ƙananan jijiyoyin jinin ratina ba tare da an yi wa mutum allurar rini ba. A cikin jijiyoyin zuciya ma haka. Jini yana tare haske, kuma tsohuwar hanya sai an toshe jijiyar da ɗan balan-balan kafin a gani. Yanzu ana kore jinin da ruwa na 'yan daƙiƙoƙi, siririn bututun ya gama aikinsa kafin jinin ya dawo.

Amma saurin ba kyauta ba ne. Akwai iyakar hasken da aka yarda a haska wa ido, don kada a ƙona shi. In ka ninka sauri sau goma, kowane layi kashi ɗaya cikin goma na hasken zai samu, hoton ya ƙara dishi-dishi. Ga kuma tarin bayanai da ke buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Wannan ne ya sa na'urorin asibiti ba su bi ɗakunan bincike zuwa miliyoyi ba.

Maganar rage girma ta taso ne daga waɗanda ba za su iya ɗora haɓa a teburi ba: jariri bakwaini, mara lafiyar da ke kwance, wanda ake yi wa tiyata. A jami'ar Duke, likitar ido Cynthia Toth da injiniya Joseph Izatt sun yi shekaru suna aiki kan OCT na hannu don duba idon bakwaini. A nan ne sauri da ƙanƙanta suka haɗu, domin hannun likita yana rawa, jaririn kuma ba ya jin "kada ka motsa", sai na'ura mai gamawa kafin motsin ya ɓata hoton. An maye gurbin manyan madubai masu karkata haske da 'yan mitsi-mitsi da ake sassaƙawa a jikin silikon. A 2013 rukunin Guillermo Tearney a Boston ya nuna wani ƙwanso mai igiya da mutum ke haɗiyewa ya ɗauki hoton maƙoshi. A 2021 masu bincike a Biyana ta Ostiriya suka ɗauki hoton ratinar mutum da na'urar da ɓangarenta mai warware launuka ke kan ɗan guntun cif, irin ɗan falle na cikin kwamfuta. Matsalar cif ɗin har yanzu ita ce asarar haske wajen shiga da fita, ga shi hasken da ke dawowa daga ido dama kaɗan ne. A 2024 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da OCT na gida na kamfanin Notal Vision, wanda tsofaffi masu cutar tsakiyar gani ke duba kansu da shi.

A ganina aikin Adam Wax, shi ma a Duke, ya fi kusa da buƙatar yawancin duniya. Rukuninsa ya haɗa OCT mai nauyin kusan kilo 2 da kayan da kuɗinsu bai kai dala 10,000 ba, alhali na asibiti kan ci dubun dubatar daloli. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da hawan jinin ido, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Cutar tana sirantar da shimfiɗar jijiyar gani tun kafin mutum ya lura da wani sauyi, kuma OCT na iya auna wannan sirancewar. Aikin nan ba ya buƙatar layi miliyan. Na'ura mai matsakaicin sauri da za ta yi aiki da batir, ta jure ƙura, a ɗauke ta a mota zuwa ƙauye, ta wadatar.

Ko an same ta, akwai abin da ba za ta iya ba. Haske ba ya ratsa nama fiye da milimita 1 zuwa 2, kuma yanar ido in ta yi kauri tana tare shi, sai an cire ta kafin a ga baya. Sannan awon na'urar wani kamfani ba lallai ya zo daidai da na wani ba, don haka mai bin diddigin cutarsa shekara-shekara gara ya riƙa komawa irin na'urar da aka fara auna shi da ita, ya kuma adana takardar sakamakon farko.