Mece ce lotsawar ƙasa, kuma me ya haɗa ta da noman rani?

Lotsawar ƙasa ita ce doron ƙasa ya riƙa yin ƙasa sannu a hankali, galibi saboda an zuƙe ruwan da ke ƙarƙashinsa fiye da abin da damina ke mayarwa. Daban take da zaizaya, daban da zaftarewa. Babu ƙara, babu ƙura, faɗin gari guda na iya sauka tare ba wanda ya lura.

Duk wanda ya tsaya a wurin haƙa burtsatse ya ga abin da ke fitowa hawa-hawa: rairayi, tsakuwa, sai yumɓu, sai kuma rairayi. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nan yana taya su ɗaukar nauyin da ke sama. In aka janye shi, nauyin sai ya koma kan ƙwayoyin su kaɗai. Rairayi na jurewa, ruwa ya dawo ya farfaɗo. Yumɓu ne matsalar. Kamar awara yake, da zarar an ɗora mata dutse ruwa ya tsane ta cure, ko ka tsoma ta a ruwa ba ta komawa yadda take. Ƙasa ta sauka ke nan, kuma wurin da ruwa ke kwanciya ya ragu har abada.

A kwarin San Joaquin na jihar Kalifoniya a Amurka, yankin noma ne sosai, wani wuri kusa da garin Mendota ya sauka kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977. Magudanan ban ruwa sun karkace, rijiyoyi sun lalace. Sai a 2014 jihar ta yi dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Iran ma na fama, haka birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya.

To mu fa? Yawancin Kano a kan dutse take zaune, shi kuwa dutse ba ya curewa haka. Amma in ka nausa gabas cikin Jigawa, wajen Haɗejiya da Auyo, ƙasar shimfiɗar rairayi da yumɓu ce ta kwarin tafkin Chadi, irin wadda ke iya lotsawa in an matsa mata. Ga ta shafal, saboda haka saukar taƙi biyu ma ta isa ta sauya hanyar ambaliya ta kai ta gonar da ba ta saba zuwa ba.

Abin da ke damuna shi ne birki ya tsinke. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, ƙarfin damtse ne iyakarsu. Injin fetur ya zo, aljihu ya zama iyaka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 manoma suka rungumi sola, kuma ba laifi suka yi ba. Sai dai yanzu za ka ga tiyo na kwarara tun hantsi har la'asar, fangali ya cika ya tumbatsa, mai gonar yana gindin bishiya, don ruwan ba kuɗi.

Alamomin da ake dubawa: bututun burtsatse ya riƙa fitowa sama da dakalinsa, ƙasa ta tsage doguwar tsaga, kwata ta fara mayar da ruwa baya. Kafin duk waɗannan, ruwan rijiya ne ke fara gudu. Manoman fadama ɗaya su ware rijiya guda, su riƙa zura igiya suna aunawa farkon rani da ƙarshensa, suna rubutawa. In damina ta wuce ruwan bai dawo inda yake bara ba, a rage awannin ban ruwa kafin a yi maganar ƙara zurfi.