Kufan Gidan Scadbury

Gidan Scadbury kufai ne na wani tsohon gidan masu ƙasa da ke Chislehurst, kudu maso gabashin birnin Landan, a tsakiyar dajin shaƙatawa na Scadbury Park. An gina shi a kan ɗan tsibiri, gwalalo cike da ruwa ya zagaye shi, ba a shiga sai ta gada. Irin waɗannan gidaje sun kai kusan 6,000 a Ingila, kuma yawancinsu an haƙa gwalalonsu ne tsakanin 1250 da 1350. Masana sun fi karkata ga cewa nuna isa ne ya sa ake haƙa su, domin ruwan zai iya tare ɓarawo, amma ba zai tare runduna ba.

Iyalin de Scathebury ne suka zauna a wurin a ƙarni na 13. A 1424 wani attajirin Landan, Thomas Walsingham, ya sayi gidan da gonakinsa, zuriyarsa ta riƙe shi fiye da shekara 200. A zamaninsu aka yi gine-ginen jan bulo, har Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta kawo ziyara a 1597. An rushe gidan a 1738. Daga baya ƙasar ta koma hannun iyalin Townshend, gidan su Lord Sydney, wanda birnin Sydney na Ostareliya ya ci sunansa.

Wanda ya fara tona tsibirin shi ne Hugh Marsham-Townshend, a shekarun 1920 da 1930. Ya yashe gwalalon, ya bi tsoffin tubalan gini, ya ɗora musu sabon bulo don a ga fasalin ɗakunan, sannan ya tsayar da babban zaure da katakan wani tsohon gida. Ƙaunar wurin ce ta sa shi, kuma ba don shi ba da daji ya cinye kufan. Sai dai aikin ya bar baya da ƙura. Bulon da maziyarci ke gani a sama yau, da yawansa bai wuce shekara ɗari ba, na zamanin Walsingham yana ƙasa. Saboda haka mai bincike ba ya gaskata bango sai ya duba girman bulon da irin kwaɓin da ya riƙe shi, ya kuma tabbatar ƙasar da yake tonawa ba wadda aka riga aka jujjuya ba ce.

Ƙaramar hukumar Bromley ta sayi filin a 1983. Tun 1986 ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta Orpington, wato ODAS, ke haƙa a wurin, kuma 'yan sa kai ne ke aikin. Fasassun tukwanen da suka tono su ne suka nuna an zauna a wurin tun ƙarni na 13, kafin zuwan Walsingham da nisa.

A 2013 aka sa kufan cikin wuraren tarihi da doka ta kare. Dajin a buɗe yake kullum, amma tsibirin a killace yake, sai a ranakun da ƙungiyar ke buɗe shi ga jama'a, galibi a watan Satumba.